Yadda Ake Gwada Ingancin Sauti Tsakanin MP3, AAC, Opus da FLAC Kafin Adana Waƙoƙi

Duk wanda ya tara waƙoƙi masu yawa, ko a kwamfuta ko a katin memori, dole ne wata rana ya tsai da shawara kan irin fayil ɗin da zai ajiye su a ciki, domin wurin ajiya ba ya isa a riƙe komai yadda ya fito daga situdiyo. Galibin mutane lambar da ke jikin fayil suke dubawa: in sun ga 320 su ce wannan mai kyau ne, in sun ga 128 su ce ba shi da inganci. Lambar, wadda take nuna kilobit nawa fayil yake ci a kowane sakan, tana da nata amfanin, amma ba ta isa hujja ba, saboda ba ta faɗin inda sautin ya fito, ba ta faɗin manhajar da ta matse shi, ba ta kuma san kunnen da zai saurara ba. Hanyar da ake dogara da ita ita ce mutum ya kwatanta fayilolin da kunnensa, a kan na'urar da yake amfani da ita, ba tare da ya san wanne ake kunna masa ba. Aikin yana buƙatar kwamfuta, da 'yan manhajoji na kyauta, da hedifon mai waya, da kuma haƙuri.

Abin da matsewa take yi wa sauti

Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo yana cin bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta), kuma ana yin haka ne a ɓangare biyu, na kunnen dama da na hagu. Idan aka ninka waɗannan lambobi za a sami kilobit 1,411 a sakan, wato kimanin megabait 10 a kowane minti. Waƙar minti biyar ke nan za ta haura megabait 50 idan aka ajiye ta a matsayin WAV, wanda shi ne sautin a kwance ba tare da an taɓa shi ba.

Matsewa iri biyu ce. Ta farko ba ta zubar da komai, tana dai sake shirya lambobin ne yadda za su ci wuri kaɗan, kuma idan aka warware su sai su koma yadda suke daidai wa daida. FLAC, wanda ya fito a 2001, da ALAC na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2004, duk wannan aikin suke yi, kuma sukan rage girman fayil zuwa tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na asalinsa. Saboda haka babu abin da za a gwada da kunne tsakanin FLAC da WAV, tunda lambobin da suke isa ga na'urar sauti iri ɗaya ne.

Ta biyu ita ce mai zubar da wani sashe na sautin, kuma a kanta ne gwaji yake da ma'ana. Ta ginu ne a kan wani rauni na kunnen ɗan Adam: idan sauti mai ƙarfi ya zo tare da mai rauni wanda yake kusa da shi a kauri ko siranta, kunne ba ya jin mai raunin, haka kuma na ɗan gajeren lokaci bayan bugu mai ƙarfi. Manhajar matsewa tana yanyanka sautin gunduwa-gunduwa, ta ƙiyasta abin da kunne ba zai kama ba, sannan ta rage daidaiton awo a waɗannan wurare, da fatan hayaniyar da ragin ya haifar za ta ɓuya a ƙarƙashin sautin da ya fi ta ƙarfi. Idan an ba ta bit masu yawa, ɓuyan yana yiwuwa. Idan an ƙuntata mata, hayaniyar sai ta leƙo, kuma wannan leƙowar ce mai gwaji yake farauta.

Nau'o'in da ya kamata a sa a gwaji ba su da yawa. MP3 shi ne dattijonsu, an yi mafi yawan aikinsa a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, an buga ƙa'idarsa a 1993, kuma iyakarsa kilobit 320 ce a sakan. AAC ya biyo baya a 1997 don gyara wasu kurakuran MP3, shi ne Apple yake sayar da waƙoƙi da shi a kilobit 256, kuma yawanci ana ganinsa da sunan fayil mai ƙarewa da m4a. Vorbis na gidauniyar Xiph ya kammala a 2002, Spotify ya daɗe yana amfani da shi. Opus shi ne autansu, an tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, yana aiki daga kilobit 6 har zuwa 510, kuma da shi ake aika saƙon murya a WhatsApp. A wani gwajin saurare na jama'a da masu harkar sauti na dandalin intanet na Hydrogenaudio suka shirya a 2014, a kan kilobit 96, Opus ne ya zo na farko, AAC na Apple ya biyo shi, duk da cewa MP3 da aka haɗa su da shi an ba shi wajen kilobit 128. Wannan sakamako yana nuna inda za a fara, amma da waƙoƙin wasu da kunnuwan wasu aka same shi.

Samo asali mai tsabta

Nan ne mafi yawan gwaje-gwaje suke lalacewa tun kafin a fara su. Dole ne duk fayilolin da za a kwatanta su fito daga tushe ɗaya, kuma tushen ya zama wanda ba a taɓa matse shi da matsewa mai zubarwa ba. Idan mutum ya ɗauki MP3 na wata waƙa daga wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa, ya ɗauki m4a na waƙar daga wani wuri, ya kwatanta su, to ba nau'in fayil ya gwada ba, domin mai yiwuwa ne ɗaya daga faifai aka ciro shi, ɗayan kuma daga bidiyo, ko an sake gyara sautin ɗaya a situdiyo. Tushe mai kyau shi ne faifan CD na asali da aka kwafe da manhaja irin Exact Audio Copy ko fre:ac, ko fayil ɗin WAV da aka karɓo kai tsaye daga situdiyo, ko FLAC da aka saya daga amintaccen wuri. A lura kuma cewa faifai da yawa da ake sayarwa fayilolin MP3 ne kawai aka zuba a ciki, ko kuma daga MP3 aka ƙona su suka zama CD, irin waɗannan ba tushe ba ne.

Akwai hanyar bincika wannan. Manhajar Spek, wadda ake samu kyauta, tana zana hoton sauti: tsawon lokaci a kwance, sirantar sauti a tsaye, daga ƙasa har zuwa wajen hertz 22,000 (hertz shi ne ma'aunin sirantar sauti) ga abin da ya fito daga CD. Fayil ɗin da aka taɓa matsewa da MP3 a kilobit 128 yakan nuna yankewa miƙaƙƙiya a wajen hertz 16,000 zuwa 17,000, sama da nan babu komai sai baƙi. Idan aka buɗe fayil mai ɗauke da lambar 320, ko ma FLAC, aka ga wannan yankewar, to akwai babban zato cewa daga ƙaramin MP3 aka juyo shi. Haka lamarin yake ga shafukan da suke ciro sauti daga YouTube su ba da shi a matsayin MP3 mai 320, alhali abin da YouTube yake aikowa ga yawancin masu kallo AAC ne ko Opus a kewayen kilobit 128 zuwa 160. Wannan tamkar a juye garin kwano ɗaya ne a cikin buhu, mazubin ya ƙara girma amma garin bai ƙaru ba, kuma wani ma ya zube wajen juyewar, tunda matsewa ta biyu tana ɗora tata hayaniyar a kan ta farko.

Sai dai hoton Spek don gane tarihin fayil yake da amfani, bai dace a yanke hukuncin inganci da shi ba. Yanke siraran sautuka na sama dabara ce da manhajar take yi da gangan don ta tara bit ɗinta a inda kunne ya fi ji, kuma manya da yawa ba sa jin komai sama da hertz 16,000, domin jin siririn sauti yana raguwa da shekaru. Fayil na iya cika hoton har sama ya kasance mai muni a kunne, wani kuma ya yanke da wuri ya fi shi daɗi.

Masu tsofaffin kaset na kiɗan gargajiya suna da nasu sha'anin daban. Tushensu shi ne abin da suka ɗauka daga rediyon kaset zuwa kwamfuta ta waya, da manhaja irin Audacity, suka ajiye a WAV ko FLAC. Hotonsa ba zai nuna yankewa miƙaƙƙiya ba, sautin zai riƙa dusashewa ne a hankali yayin da ake hawa sama. Abin lura shi ne shuuu ɗin nan na kaset yana cin bit sosai, domin manhajar ba ta bambanta shi da kiɗa, kuma a ƙaramin awo, wato kilobit kaɗan a sakan, shi ne yake fara lalacewa, ya koma kamar ƙarar ruwa mai gudana a bayan waƙar. Idan ainihin ɗaukar ta ɓangare ɗaya ce, kamar yadda tsofaffin ɗauka da yawa suke, gara a mayar da fayil ɗin ɓangare ɗaya kafin matsewa, don kada a ɓata bit a kan bambancin hayaniyar dama da ta hagu.

Zaɓen yankunan gwaji

Ba a gwaji da waƙa sukutum. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti fiye da 'yan sakanni, saboda haka yanki mai tsawon sakan 10 zuwa 20 ake yankowa, a lokacin saurare ma a taƙaita ga sakan biyu ko uku da ake zargi. Yankuna shida zuwa takwas sun isa, amma a zaɓo su daga irin waƙoƙin da suka fi yawa a tarin, kuma a nemi wuraren da suka fi wahalar da manhajar matsewa.

Wuri na farko mai wahala shi ne bugu mai kaifi da ya faɗo cikin shiru, kamar bugun kalangu ko kotso a farkon waƙa, ko kiɗan ƙwarya, ko tsinkar kuntigi da gurmi. Dalili shi ne manhajar tana aiki ne gunduwa-gunduwa, kuma hayaniyar da ta haifar tana bazuwa cikin gunduwar gaba ɗaya, har da sashen da ya gabaci bugun, inda babu wani sauti mai ƙarfi da zai rufe ta. Abin da kunne yake ji shi ne wani ɗan huci kafin bugun, bugun kansa kuma ya rasa kaifinsa. MP3 ya fi sauran fama da wannan, domin gajeriyar gunduwarsa awo 192 ce, ta AAC kuwa 128 ce, Opus kuma yana da nasa dabarun na bin sauti mai saurin canzawa. Wuri na biyu shi ne tafi da guɗa da hayaniyar taro a waƙoƙin da aka ɗauka a filin wasa ko gidan biki, domin tafin mutane da yawa ɗaruruwan ƙananan bugu ne a warwatse, kuma a ƙaramin awo yakan koma kamar ana murza leda. Na uku shi ne siraran sautuka masu ci gaba, irin na caki da sauran abin kaɗawa, da harufan s da sh da ts a bakin mawaƙi, waɗanda sukan yi wani irin walwali ko rawa-rawa idan bit ya yi kaɗan. Sai kuma sauti guda mai tsayi mai tsabta, kamar na algaita ko sarewa ko goge, inda ake sauraron ko muryar kayan kiɗan tana karkarwa. A ƙara da yanki ɗaya inda 'yan amshi suke shigowa a kan muryar jagora, a saurari ko faɗin filin sautin, daga dama zuwa hagu, ya tsuke.

Yana da kyau a sa yanki ɗaya ko biyu masu sauƙi, irin waƙar da aka fi saurare kullum, domin idan aka gina hukunci a kan mafi wahalar yankuna kaɗai za a zaɓi awon da ya wuce buƙata.

Shirya fayilolin

Manhajar ffmpeg tana iya yin aikin duka, ana kuma iya amfani da fre:ac ga wanda bai saba rubuta umarni ba. Idan sunan yankin asali.wav ne, waɗannan layuka za su fitar da nau'i uku:

ffmpeg -i asali.wav -c:a libmp3lame -q:a 2 gwaji.mp3

ffmpeg -i asali.wav -c:a libopus -b:a 128k gwaji.opus

ffmpeg -i asali.wav -c:a aac -b:a 192k gwaji.m4a

Layin farko yana amfani da LAME, wadda ita ce manhajar MP3 da aka fi yarda da ita, a matakin da ake kira V2. Wannan mataki ba ya tsayawa a kan awo ɗaya, yana ƙara bit a inda kiɗa ya yi wahala ya rage a inda ya yi sauƙi, matsakaicinsa yakan faɗo wajen kilobit 190. Matakin V0 yana kaiwa wajen 245, V5 kuma wajen 130. A ganina wannan tsari mai hawa da sauka ya fi tsayayyen awo ma'ana ga mai adana waƙoƙi, domin MP3 mai 320 yana kashe bit iri ɗaya a kan shiru da kuma a kan tsakiyar kiɗa. Game da AAC, a sani cewa sunan nau'in ɗaya ne amma manhajojin da suke yinsa sun bambanta ƙwarai: ta Apple da ta Fraunhofer sun fi wadda take cikin ffmpeg, musamman a ƙananan awo. Wanda ya gwada ta ffmpeg kaɗai ya ga gazawa, manhajar ya kama da laifi, bai kama AAC ba.

Ga kowane nau'i a yi matakai uku ko huɗu, misali 64 da 96 da 128 da 160 ga Opus, V5 da V2 da V0 ga MP3. Opus yana mayar da komai awo 48,000 a sakan, saboda haka lokacin gwada shi gara a fara mayar da asalin zuwa 48,000, don kada na'urar sauti ta yi wani ɗan ƙas ko jinkiri wajen sauyawa tsakanin fayilolin, wanda zai tona asirin wanne ne wanne.

Ƙarar sauti ita ce babbar mayaudariya. Idan ɗaya daga cikin fayiloli biyu ya ɗara ɗayan ƙara ko da kaɗan ne, kunne ba ya cewa ya fi ƙara, cewa yake yi ya fi tsabta da cika. Masu wannan aiki suna daidaita ƙarar har bambancin ya gaza kashi ɗaya cikin goma na desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti. Tsarin ReplayGain, wanda yake cikin manhajar foobar2000, yana auna kowane fayil ya daidaita su, kuma yana da ƙarin amfani ga waƙoƙin zamani da ake cika wa ƙara har maƙura a situdiyo, domin irin waɗannan sukan tsage bayan matsewa idan ba a ɗan sauke su ba.

Game da abin saurare, a yi amfani da hedifon ko iyafis mai waya. Bluetooth yana sake matse sauti da nasa tsarin, SBC ko AAC ko aptX ko LDAC, kafin ya isa kunne, saboda haka ko FLAC aka kunna ta cikinsa, matsattsen sauti ne yake isowa. A kashe duk wani abin ƙara bes ko gyaran sauti na waya da na kwamfuta. A zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, babu fanka babu janareto, domin ƙararsu tana rufe daidai irin ƙananan kurakuran da ake nema. Kada kuma a ƙure ƙara da nufin kamo bambanci, a tsaya a inda aka saba saurare.

Gwajin kansa

Sunan gwajin ABX. A shi ne asali, B shi ne matsattsen fayil, X kuma ɗaya ne daga cikinsu wanda kwamfuta ta zaɓa a ɓoye. Aikin mai saurare shi ne ya faɗi ko X shi ne A ko B. Dalilin ɓoyewar shi ne sanin sunan fayil yana canza abin da mutum yake ji da gaske, ba wai ƙarya yake yi ba, ƙwaƙwalwa ce take cika abin da take tsammani.

A foobar2000 ana ƙara wani ɗan sashe mai suna ABX Comparator daga shafin manhajar. Bayan an sa shi, sai a jefa fayilolin biyu cikin jerin waƙoƙi, a zaɓe su tare, a danna maɓallin dama na linzami, a shiga Utilities a zaɓi gwajin ABX, a kuma yarda ya yi amfani da ReplayGain. Kafin a fara ƙirge, a ɗauki lokaci ana sauya A da B a fili har a gano takamaiman wurin da suka bambanta, misali bugu na uku na kalangu ko harafin s a wata kalma, sannan a taƙaita sauraren ga wannan wuri. Wanda ya shiga gwaji yana neman wanne ya fi daɗi gaba ɗaya yakan fito da sakamakon caca.

A fara da mafi ƙanƙantar awo, kamar MP3 a kilobit 64 ko 96, inda lalacewar take a fili. Wannan yana koya wa kunne kamannin kurakuran, ta yadda zai gane su idan sun ragu a mataki na gaba. Daga nan a riƙa hawa mataki-mataki har a kai inda ba a iya bambancewa.

Yawan zagaye dole ne a tsai da shi tun kafin a fara, kuma 16 ne aka saba. Lissafinsa shi ne mai cinta kawai, wanda ba ya jin komai, yana da rabin damar dacewa a kowane zagaye, saboda haka samun 8 ko 9 ko 10 cikin 16 ba ya nuna komai. Damar samun 12 ko fiye ta hanyar cinta ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba, ta samun 13 ko fiye kuma kusan kashi 1 ce cikin 100. Don haka 12 ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa a matsayin shaidar an ji bambanci. Samun 11 yana da ban haushi, amma mai cinta yana kaiwa nan sau ɗaya cikin goma. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya riƙa leƙa sakamako ya tsaya a daidai lokacin da lambobin suka yi masa daɗi, ko ya maimaita gwajin sau da yawa ya riƙe wanda ya ci kaɗai, domin wanda ya yi gwaji ashirin yana cinta, damar ɗaya ya faɗo masa daidai ta ɗan haura rabi. Duk gwajin da aka yi a rubuta shi, wanda aka ci da wanda aka faɗi.

Kunne yana gajiya da wuri. Bayan minti 15 ko 20 na irin wannan saurare sai komai ya fara kama da juna, saboda haka a huta, a raba aikin zuwa kwanaki.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yi da taimakon wani. A rubuta A a ƙananan takardu da B a wasu, a zuba a hula, mataimakin ya zaro ɗaya a kowane zagaye, ya kunna fayil ɗin da ta nuna, ya mayar da takardar cikin hular, ya rubuta amsar da aka ba shi. Sharaɗin shi ne ya zauna a bayan mai saurare kuma kada ya yi magana, domin fuska da murya suna ba da amsa ba da niyya ba. Wannan bai kai na kwamfuta tsauri ba, tunda sauyawar ba ta da sauri, amma ya fi kwatantawa ido buɗe nesa ba kusa ba.

ABX yana faɗin ko akwai bambanci ne kawai, ba ya faɗin wanne ya fi. Idan nau'i biyu duk sun bambanta da asali a awo ɗaya, kamar yadda yakan faru a kilobit 64, sai a ba kowanne maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda lalacewarsa take damun kunne, har yanzu ba tare da sanin sunansa ba. Wannan shi ne tushen tsarin da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta shimfiɗa a ƙa'idarta mai lamba BS.1116, wadda gidajen rediyo da masu ƙera manhajojin suke bi.

Daga sakamako zuwa shawara

Ga kowane nau'i, a nemo mafi ƙanƙantar awon da aka kasa bambanta shi da asali a dukkan yankunan, sannan a hau mataki ɗaya sama da shi saboda waƙoƙin da ba a gwada ba da kuma hedifon mafi kyau da za a iya saya nan gaba. Mutane da yawa sukan yi mamakin inda suka tsaya, domin MP3 na LAME a V2, da AAC mai kyau a kewayen 160 zuwa 192, da Opus a kewayen 128, sukan gagari yawancin kunnuwa a yawancin waƙoƙi. Faɗuwa a gwajin ba aibi ba ne ga kunnen mutum, abin da aka gina manhajojin su yi ke nan.

Daga nan sai lissafin wuri. Waƙar minti biyar a kilobit 128 tana cin megabait 4.8, a 192 tana cin 7.2, a 320 kuma 12, FLAC ɗinta yakan kai 30 ko kusa da haka. Waƙoƙi 1,000 ke nan za su ci gigabait 5 a awon farko, 12 a 320, da wajen 30 a FLAC. Ga katin memori mai gigabait 16 wannan bambanci ne babba, ga hadis (hard disk) na kwamfuta mai terabait ɗaya kuwa ba abin damuwa ba ne.

Inganci ba shi kaɗai ake dubawa ba, sai an duba na'urar da za ta kunna. Rediyon mota da ƙananan sifikun da ake soka wa filashi ko memori kusan dukansu suna karanta MP3, da yawa kuma ba su san Opus ba, wasu ko m4a ba sa buɗewa. Wanda yake sauraro a irin waɗannan, MP3 a V2 ya fi masa kwanciyar hankali ko da Opus ne ya ci gwajinsa, musamman da yake ƙarar inji da ta hanya ta riga ta rufe bambancin. Wanda yake sauraro a wayar Android ta zamani kaɗai zai iya cin ribar ƙanƙantar Opus. Kafin a juya tarin gaba ɗaya, a zuba waƙoƙi biyar a kati a gwada su a kowace na'ura ta gidan, a duba har da ko sunan waƙa da na mawaƙi suna fitowa daidai, domin wasu na'urori ba sa nuna harufa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne ajiya biyu. Duk abin da aka samu daga tushe mai tsabta a adana shi a FLAC, a hadis biyu daban-daban, daga nan ne za a riƙa fitar da ƙananan fayiloli na waya da na mota, kuma idan wani sabon nau'i ya fito gobe, daga FLAC ɗin za a sake fitarwa. FLAC yana ɗauke da wata lambar tantancewa a cikinsa, umarnin flac -t yana bincika ko fayil ya lalace a ajiya, abin da yake da kyau a riƙa yi lokaci-lokaci. Waƙoƙin da ba a same su ba sai a MP3 kuwa, a bar su yadda suke. Kwafe su daga waya zuwa waya ta Xender ko ta kebul ba ya rage musu komai ko sau nawa aka yi, tunda lambobin ne ake ɗauka yadda suke, amma juya su zuwa AAC ko Opus zai ƙara musu lalacewa, juya su zuwa FLAC kuma zai ninka girmansu ne kawai. Idan za a aika wa wani ta WhatsApp, a tura fayil ɗin a matsayin takarda, kada a haɗa shi da hoto a mai da shi bidiyo, domin bidiyo ana sake matse shi a hanya tare da sautin da ke cikinsa.